Kada Aska Ta Hau Ƙeyarka

Banifandou, Yamai

Bashir ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin ta uwa, wadda ba ta jiran a amsa mata. Allah ya sa ka sauka Maraɗi lafiya, mota ba ta tsaya da ku a daji ba, ba wanda ya zauna maka a kan jaka. Allah ya tsare ka a masauki yadda ya tsare ka a hanya, ya buɗe maka karatun da ka je yi.

Na sa takardar nan cikin jakar injin aski don na san wannan jakar kam da hannunka za ka buɗe ta. Da baki na faɗa maka, da ka ce “To, Maman” idonka na kan waya, yadda ka saba. Ba labarin gida zan ba ka ba, ba ka daɗe da barinsa ba. Maganar ƙeyarka ce.

Ka gaji fatar babanku. Yayanka Sani bai gada ba, shi tawa ya kwaso, ko da fartanya aka aske shi ba abin da zai same shi. Kai kuwa likita ta riga ta gaya maka a gabana: duk abin da zai kwashe gashin ƙeyarka har ƙasa, aska ce, reza ce, ko bakin inji ba mataji, abokin gabarka ne. Yanzu ga ka za ka zauna a gidan Baffanka Alhaji Illa. Ka san gidan da hutu ne kawai, kana yaro, ni kuma ina tsaye a kanka. Kowace Juma'a da hantsi wanzami yana zuwa, a shimfiɗa tabarma a zaure, duk namijin da ke cin tuwon gidan, daga Baffa har wanda aka yaye bara, ya zauna a yi masa ƙwal-kwabo kafin masallaci. Haka kakanku ya yi, haka Baffa ya tarar, haka yake riƙe da shi. Wanda ya ƙi zama, a wurinsa, ya ce ya fi ƙarfin gidan ke nan. Shi ne zai ba ka ɗaki, shi ne zai ba ka abinci, ga shi yayan babanku. In ka zauna a tabarmar nan, ƙeyarka za ta biya. In ka ƙi, za ka ɓata wa babba rai. Ni na riga na zaɓa maka, kuma zan gaya maka yadda aka yi na san wanne ya fi sauƙi.

Shekarar da aka yi aurenmu, mun je Maraɗi mun yi babban hutu a gidan nan. A lokacin babanku yana da ƴan ƙuraje a ƙeya, ƙanana, kamar ƙwayar gero. Ranar Alhamis da yamma ya shigo ɗaki ya ce mini:

“Ni fa gobe ba na son zama gaban wanzamin nan. Ƙeyata ba ta shiri da aska.”

Na ce, “Haba. Mutum ya je Yamai ya auro ƴar jami'a, ya dawo gidan ubansa ya ce ya daina askin Juma'a? Wa kake jin za a ce ya hana ka?”

Ya ce, “Ke.”

Na ce, “To ka gani.”

Ya zauna. Ya zauna wannan Juma'ar, ya zauna ta gaba, har hutu ya ƙare. Ni kuma ina cikin gida ana yabona, ana cewa amaryar Yamai ta san girman mutane. Wanzamin ba shi da laifi. Mutum ne mai tsabta, hannunsa ba ya rawa, abin da aka kira shi ya yi shi ya yi. In askar ta bi ta kan ƙurji jini ya ɗan fito, sai ya goge ya ce mugun jini ne ke fita. Kowa ya yarda, har da ni mai karatu.

Da muka dawo Yamai ƙurajen suka yi yawa, suka haɗe, suka yi tauri. Wani abokin aikinsa a biro, wato ofis, ya ce masa maganin abin sananne ne, man birki. Babanku, da ya karanci tattalin arziki, ya tsaya a gareji ya sayo man birki a ƴar kwalba. Ni kuma na samo auduga na shafa masa, a hankali, da ladabi, kamar mai shafa turare. Wurin ya ƙone, ya yi ruwa, ya koma ya fi da. Sai a lokacin muka tuna akwai likitocin fata a garin.

Likitar ta duba, ta tambayi abin da muka sa, na faɗa. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, “Madam, miji kika kawo mini ko mota?” Sannan ta yi mana bayani. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa-ƙasa, wajen fitowa yakan juya ya soki fata. Fatar yawancin mutane takan yi ƙurji ta warke ta manta. Ta wasu kuma in ta fara warkewa ba ta san inda za ta tsaya ba, sai ta yi ta tara nama. Ta ce aska ba ita kaɗai ke kawo shi ba, har wuyan riga mai tauri yana taimakawa, amma aska ita ce abin da ke hannunmu. Ta yi masa allurai a wurin, abin ya ɗan kwanta, ƙaiƙayin ya ragu. Bai tafi ba. Ba zai tafi ba. Ka san abin da ke ƙeyar babanku, ka san gashi ba ya fita a wurin, ka san yadda yake zaɓen sahun baya a masallaci, shi da ba ya makara.

Abin da na koya a nan ba shi da daɗi, amma ga shi: kunyar da na ji a gidan nan ba ta ci mini komai ba, fatar wani ta ci. Mutanen da na ji tsoron bakinsu sun manta da zancen kafin mu kai Dogonduci a hanyarmu ta komowa. Kada ka sayar da abin da za ka rayu da shi don a yabe ka a zaure.

Likitar ce ta ce a daina kai babanku wurin masu aski, a sayi inji a gida, a bar masa gashi a ƙeya. Haka na zama wanzamar gidanmu ba tare da na nema ba. Injin ba shi ne abin lura ba, kowane inji yankewa yake yi. Abin lura shi ne ɗan robar nan mai haƙora da ake maƙala masa a baki, wanda masu aski na garin nan ke ce wa sabo da bakin Faransa, ni kuma nake ce masa mataji. Shi ne ke tsayawa tsakanin ƙarfe da fata. In yana nan, kana da aski. In ba ya nan, kana gaban wanzami, ko da kai ke riƙe da injin.

Injina na farko da mataji ɗaya tak ya zo, sai na koma shagunan Maourey neman ƙari. Wani Bazabarme mai shago ya zazzage mini leda guda a kan tebur, launi-launi.

“Hajiya, wannan yana shiga kowane inji. Na Sin, na Turai, duka.”

Na ce, “Kowane?”

“Wallahi kowane. In bai shiga ba, kawo mini kayana.”

Ya shiga kuwa. Mutumin bai yi ƙarya ba. Bai ce zai zauna ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar jajibirin ƙaramar salla na zaunar da Sani, yana firamare a lokacin, na ɗora inji a goshinsa na tura. Ina kaiwa tsakiyar kai sai na ji wani abu ya faɗi ƙasa, hannuna kuma ya riga ya wuce. Na duba, ga hanya fes tun daga tsakiyar kai har bayan kunne, irin wadda gwamnati ke yi mana alkawari.

Sani ya ce, “Maman, mene ne ya faɗi?”

Na ce, “Ba komai, kada ka motsa.”

Babanku ya leƙo daga falo, ya duba, ya ce, “Maman Sani, sai dai a kwashe sauran.”

Aka kwashe. Sani ya je idi kansa na ƙyalli, yana kuka, yara na shafa shi suna neman tubarraki. Da na koma Maourey, mai shagon ya ɗaga hannu biyu ya ce, “Kala suru, Hajiya, sai haƙuri.” A kan Sani abin dariya ne, har yau muna yi masa. In a ƙeyarka ya faru, ba wanda zai yi dariya.

Saboda haka, mataji sai wanda aka yi don injinka. Waɗanda ke cikin jakar nan tare da injin suka zo, na kuma saya maka lamba biyu guda biyu na ƙari daga kamfani ɗaya. In wani ya ɓace kada ka je kasuwa da baki kawai, ka tafi da injin a hannu ka gwada a gaban mai shago. In ka samu mai ƴar maƙalar ƙarfe a baya, ya fi na roba zalla riƙo. Wajen sawa, injin a kashe. Ka fara zura haƙoran ƙarfen cikin matajin, sannan ka danna bayansa har ka ji ya ce ƙas. In ba ka ji ba, bai zauna ba, kome kamannin da ya yi. Ka tura shi da babban yatsa, ka kife injin ka girgiza, ka kunna ka duba ko yana rawa. Duk wannan bai kai tsawon alwala ba. In za ka bi ta ƙeya, ka ɗora ɗan yatsa a bayan matajin har ka gama.

Kuskure na gaba lissafi ne, kuma shi ya fi ba ni haushi, don ni ce mai duba muku lissafi a gidan nan. Na saba yi wa babanku aski da lamba uku. Tsohon injin ya mutu, na sayi wani, na buɗe kwali, na ga mataji an rubuta masa uku, na maƙala. Ashe su waɗannan ba lamba suke rubutawa ba, milimita suke rubutawa. Uku ɗinsu shi ne lamba ɗaya tamu. Ga shi na fara ta baya, ta wurin da gashin gefe ke rufe masa tabon. Tafiya ɗaya na yaye shi. Washegari yana da taro a biro, shi zai tsaya gaban mutane ya juya musu baya yana nuni a allo. Bai yi mini faɗa ba. Ya shafa wurin, ya ce, “To,” ya tashi ya shiga wanka. Na fi son a zage ni da irin wannan “To”.

Ka riƙe wannan a kanka. Lamba ɗaya tana barin gashi kamar milimita uku, lamba biyu shida, lamba uku wajen goma, lamba huɗu ta ɗan wuce sha biyu. Wasu kamfanonin sukan ɗan saɓa, don haka kada ka yarda da rubutu shi kaɗai. Ka ɗaga matajin ka dubi kaurinsa da idonka. Naka lamba biyu na ɗiga musu jan farce a baya don ka gane su ko da hanzari kake. Samarin gidan za su yi maka dariya a kan jan farcen. Ka bar su su yi.

Kullum ka fara da babba. In kana so ka ƙare a biyu, ka fara da huɗu ko uku, ka gwada ɗan wuri a bayan kunne, ka duba, sannan ka sauko. Gashin da ka bari kana iya rage shi nan take, wanda ka cire kuwa sai ka jira Allah. A saman kai da gefe ka yi abin da ka ga dama, kanka ne, ni ba ruwana da yayi. A ƙeya ba a sauka ƙasa da lamba biyu. Ba ɗaya da rabi, ba “ɗan gyara kaɗan”. Ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka tare shi, don in ka tare shi mataji ɗaya sai ya ci fiye da ƙa'idarsa. Ka kwantar da matajin a kan fata, kada ka kafa bakinsa, kada ka danna. Gashin ya zama busasshe, ka taje shi tukuna. In da mai ko jiƙe yake, haƙoran sukan cushe, injin ya koma fizga, kai kuma ka ji haushi ka cire matajin don ka gama da wuri. Na san halinka.

Ƙeya ba a ganinta, shi ne matsalar. Na sa maka ƙaramin madubi, ka haɗa da na bango. In ya gagara ka ba wani ya taya ka, amma ka sa masa ido. Ban taɓa ganin namijin da ya riƙi injin aski bai ji ya zama gwani ba. Zai yi maka aski lafiya lau, sannan a ƙarshe ya ce bari ya fitar maka da layi, kafin ka buɗe baki ya ɓalle matajin. Wannan ba sai na ba ka labarin kowa ba. Ka tuna kana lise, wato sakandare, da ka bi abokanka wurin mai askin nan na Koira Kano mai madubi har rufi, aka yi maka layi da reza, ka dawo kana juya mana ƙeya don mu gani. Na ce, “Wa ya yi maka?” Ka ce, “Maman, kowa haka yake yi.” Na ce, “Kowa ɗan babanku ne?” Kafin sati ya zagayo kana susa. Mun yi sa'a mun je likita da wuri, abin ya tsaya a ƴan tabo ƙanana. Ka kai hannu yanzu ka taɓa su. Gargaɗi ne aka yi maka da rahusa, ba a cika maimaita irinsa ba.

Akwai wanda ni na ja maka, don kada ka ce kai kaɗai ake tuhuma. Wani mataji ya faɗi a siminti haƙori ɗaya ya karye. Na duba na ce saura da yawa, me zai sa in yar. Guntun haƙorin ya karce ka a bayan kunne, dogon jan layi, kana ihu ina ce maka raki gare ka. Wani kuma na bar shi a mota da bazara, rana ta lanƙwasa shi, ya dinga cin gefe ɗaya fiye da ɗaya, na yi ta zargin kan Sani da karkata. Na uku na ga masu aski suna kunna wa bakin inji wuta wai don kashe cuta, na kwaikwaya da mataji a jiki. Ya narke. Kafin kowane aski ka shafa haƙoran a bayan hannunka. In ka ji kaifi, ko ka ga ɗaya ya karye ko ya karkace, ka jefar. Kada ka gyara, kada ka goga shi a dutse, kada ka ajiye wai ko wata rana.

In ka gama, ka cire matajin ka kaɗe gashin da ɗan buroshi, ka wanke shi da ruwa da sabulu, ka bar shi ya bushe a inuwa. Bakin ƙarfen ba a tsoma shi a ruwa. Ka share shi, ka goge da alkol na farmasi, ruwan nan na kashe ƙwayar cuta, in ya bushe ka ɗiga masa mai kaɗan, nasa na cikin jaka, ba na girki ba. Ƙarfen yana zafi in ya daɗe yana aiki, ka riƙa taɓa shi a cikin hannunka, in ya yi zafi ka kashe ka jira. Kuma ka cika batir kafin ka fara. Kuran, wato lantarki, na Maraɗi ba zai fi na Yamai tausayi ba, mutum mai rabin kai a aske kuwa duk wanda ya ce masa zo in ƙarasa maka, binsa yake yi.

Za a ce ka ara. Ƴaƴan Baffa ne za su fara, su ne kuma masu wuyar hanawa. Ka ara musu littafi, ka ara musu riga, takalmi ma in sun dage. Injin aski da matazansa ba a arawa. Makero yana bin mataji, ciwon hanta yana bin ɗigon jinin da ido ba ya gani, fatarka kuma ba ta da haƙurin ta sauran mutane. Ka ce likita ta hana. Gaskiya ce, kuma tana gajarta zance.

Yanzu mu koma zaure. Ban so in tura ka ka tarar da abin kai kaɗai ba, don haka kafin tafiyarka na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na shigo danginku: na kira yayan mijina a waya da kaina. Kai kana wajen sallama da abokanka. Na sami kaina a durƙushe a tsakiyar falo, waya a kunne, kamar yana ganina. Muka gaisa, na tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, na tambayi kasuwa, na tambayi ruwa, har gaisuwa ta ƙare ba sauran inda zan ɓuya.

Na ce, “Yaya Alhaji, wata alfarma nake nema wajenku. Yaron nan Bashir, fatarsa ba ta ɗaukar aska. Likita ta ce a bar masa gashi a ƙeya.”

Ya ce, “Likita.”

Na ce, “I, ranku ya daɗe.”

Ya yi dariya. “Madam, mu da aka aske tun ranar suna har yau, ga mu ba mu mutu ba. Ko kan ƴan Yamai daban Allah ya yi shi?”

Na ce, “Ba duka ba, Yaya. Nasa dai.”

“To ai shi ya sa za a turo mana shi, ya ga yadda ake zama namiji. Yaro ya tara gashi kamar ɗan wasan ƙwallo, ya shiga sahu ranar Juma'a a bayana? Ke dai ki bar mana ɗanmu. Kin yi naki, kin ba shi boko.”

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, kuma ina jin da ya fito da ba a sake gayyatata biki a Maraɗi ba. Babanku yana zaune a kujerarsa, na ɗauka labarai yake kallo. Sai ya miƙo hannu. Na ba shi wayar.

Ka san babanku da yayansa. Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar kakanku, shi ya kai shi lakkwal karatun boko, shi ya je neman aurena. Tun da nake ban taɓa jin ya ce masa a'a ba. Ko a waya in suna magana, tsaye yake yi. Wannan karon ma ya miƙe. Ya gaishe shi, sannan ya ce:

“Yaya, yaron nan ba za a sa masa aska ba.”

Daga inda nake ina jin muryar Baffa. “Kai ma?”

“Ni ne ma na ce. Abin da ke ƙeyata, a zauren nan ya yi ƙarfi. Ban taɓa faɗa muku ba don ba laifinku ba ne. Amma ba zan ba da ɗana a maimaita a kansa ba. Zai gaishe ku, zai yi muku aike, zai bi ku masallaci da kansa a gyare. Aska ce kawai ban yarda ba.”

Can Baffa ya ce, “To. Ku ne masu ilimi.” Ya kashe.

Babanku ya ajiye wayar, ya zauna. Na kawo masa ruwa bai sha ba. Ya sake kira washegari ba a ɗauka ba. Har ranar da na rubuta takardar nan ba a ɗauka ba. Baffa bai ce kada ka zo ba, ɗakinka ma an share, matarsa ta gaya mini. Amma bai ce ya yarda ba. Ina jin yana jiran Juma'a ne ya ga ko kai za ka zauna da kanka, magana ta mutu ba tare da kowa ya janye tasa ba. Zai yi maka da fara'a. Zai ce, “Bashir, matso mana, layinka ne.” Ƴan uwanka na kallo, wanzami na wasa aska, kai kuma ba ka iya musu da babba ba, mu muka koya maka hakan.

Ga abin da za ka yi. Ranar Alhamis da la'asar ka yi askinka da kanka, tsaf, don kada a sami abin cewa a kan ƙazanta. Ranar Juma'a kada ka ɓuya a ɗaki, kada ka ƙirƙiro darasi. Ka fito zaure, ka durƙusa ka gaida Baffa, ka gaida wanzami da girmamawa, ka kawo ruwa in ana so. In aka ce matso, ka ce, “Baffa, ku yi haƙuri, babana ya hana.” Kada ka ƙara, kada ka kawo bayanin likita, kada ka ɗaga murya. In an maimaita, ka maimaita. In an yi dariya, ka yi murmushi. In an ce uwarka ce ta lalata ka, ka ce to, ba yau aka fara faɗa ba, ni kuma na ƙoshi da yabon gidan nan tun ina amarya. Juma'ar farko ce mai wuya. In ka zauna sau ɗaya wai don a zauna lafiya, ta biyu ba ka da bakin ƙi.

In abin ya kai a ce ka bar gidan, ban zata ba, amma in ya kai, ka yi godiya, ka ɗauki jakarka ka kira ni. Na yi magana da ƙawata Rabi da muka yi jami'a tare, tana nan Maraɗi, tana da ɗaki. Kada ka ji tsoron ka raba zumunci. Wannan aikin manya ne, mu za mu je mu durƙusa mu gyara, mun san hanya.

In kuma ƙurji ya fito duk da haka, kada ka matse, kada ka susa, kada ka saurari mai magani a bakin tasha ko a gareji. Ka je likita tun yana ƙarami, ka kuma gaya mini.

Bashir, babanku mutum ne da ya kai furfura bai taɓa ɓata wa yayansa rai ba. Ya ɓata yanzu, saboda kai, kuma yana kwana da abin yana tashi da shi. Ba zai faɗa maka ba, in ka kira shi karatu kawai zai tambaye ka. Ya riga ya biya nasa. In ka zauna a tabarmar nan, ya yi asarar yayansa a banza, kai kuma ka yi asarar ƙeyarka. Ka tsaya.

Allah ya tsare mini kai daga sama har ƙasa, ya tsare lafiyarka da imaninka. Allah ya sanyaya zuciyar Baffanka, ya daidaita tsakaninsa da ƙaninsa. Allah ya ba ka harshe mai laushi da ƙafa mai ƙarfi, ya dawo mana da kai lafiya da abin da ka je nema. Ka gaida mutan gidan duka, ka fara da Baffa.

Wassalam.

Mamanka